Sharhin Waƙa a Gasar Masu Tasowa: Wanda Ake Ɗauka da Wanda Ake Bari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Argungu, ina koyon waƙa. Na shiga wata gasa da ƙungiyar matasa ta shirya, jigonta noman shinkafa, kuma sharaɗinta shi ne kowane ɗan takara ya saurari waƙoƙin mutum 3 ya rubuta musu sharhi kafin zagaye na biyu, wanda aka yarda a yi gyara kafin shigarsa. A kan tawa, na farko ya ce "Masha Allah, ba gyara." Na biyu ya ce "ba ta da daɗi, ka sake wata." Na uku ya ce Hausata ba daidai ba ce, kuma na fita daga jigo saboda na waƙe mahaifiyata mai turara shinkafa. Wanne zan bi? Kuma yaya zan rubuta nawa, alhali ɗaya daga cikin waɗanda aka ba ni yayana ne a unguwa? Ga waƙar na turo.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Na saurari waƙar, kuma zan fara da abin da na fi son ka riƙe, wato sharhin da za ka iya aiki da shi shi ne wanda ya nuna maka wuri a cikin waƙar, ya kuma faɗi abin da kunne ya ji a wurin. Da wannan ma'auni, mutum na uku ne kaɗai ya ba ka abin kamawa, duk da cewa ban yarda da hukuncinsa ba. Na farko addu'a ya yi maka da kara, sai ka amsa da amin ka gode masa. Na biyu kuma akwai alamar ya ji wani abu na gaskiya amma bai tsaya ya gano shi ba, don haka kada ka watsar da shi. Ka koma wurinsa cikin ladabi ka tambaye shi a wane minti ne hankalinsa ya bar waƙar. Mutane da yawa ba sa iya bayyana dalilin rashin jin daɗinsu, amma kusan kowa yana iya tuna inda ya fara duba wani abu a waya.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Makaɗan fada na Zamfara da Kabi ba su tashi a gaban alƙalan gasa ba, sun tashi ne a cikin ƙungiya, inda mutum yake shekaru yana amshi kafin ya zama jagora. Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya yi amshi a bayan mahaifinsa da yayansa Kurna kafin ya riƙe ƙungiyar kansa ta kotso. A irin wannan tsari, 'yan amshi su ne masu sharhi na farko, kuma sharhinsu ba da dogon bayani yake zuwa ba. Idan jagora ya kawo sabon gindin waƙa, mutum huɗu ko biyar suka ɗauka tare, harshensu ya riƙa sarƙewa a wuri ɗaya, to an gano inda matsala take ba tare da kowa ya ce waƙar ba ta da daɗi ba. Abin da gasarku take nema daga gare ku shi ne ku yi wa juna aikin nan na 'yan amshi, sai dai a rubuce.

Bari in gwada maka a kan amshinka, tunda shi ne abin da mai sauraro yake ji sau da yawa fiye da komai. Ka ce: "Manomi tashi ka kama aiki, shinkahwak Kabi ta wadatad da ƙasa." Ɗangon farko, wato layin farko, gaɓa 10 ne, kuma ya zauna daram a kan kiɗan. Na biyu gaɓa 12 ne, mafi yawansu masu nauyi, amma lokacin da kiɗan ya ba shi daidai yake da na farko. Sakamakon haka kana isowa "wadatad da ƙasa" a guje, kana haɗiye wasalin "da" na tsakiyar "wadatad", wanda dogo ne a magana, sannan ka faɗa kalmar ƙarshe bayan bugun ganga ya wuce. Ina kyautata zaton wannan ne mutum na biyu ya ji, domin abu ne da yake maimaituwa bayan kowane ɗa, wato baitin da ke tsakanin amshi da amshi. Awon waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa yake tafiya, doguwa da gajera, shi ya sa kunnen Bahaushe yake jin ƙyas idan an gajarta wasalin da ya san dogo ne, ko da bai taɓa shiga ajin nazarin waƙa ba. Ka lura ban rubuta maka sabon ɗango ba, kuma da gangan na ƙi. Hanyoyin gyaran suna da yawa: kana iya rage kalma, ko ka raba ɗangon biyu, ko ka sassauta saurin kiɗan gaba ɗaya, kuma kai ne ka san wadda ba za ta ɓata abin da kake son faɗi ba.

A nan akwai abin da ya kamata mai karɓar sharhi ya bambance. Mara lafiya ya fi kowa sanin inda yake masa ciwo, amma ba shi yake rubuta magani ba. Idan mai sauraro ya ce a wuri kaza ya ji wani iri, ka ɗauki maganarsa da muhimmanci ko da bai san komai game da waƙa ba. Idan ya zarce ya ce ka sa kaza a maimakon kaza, ka saurara da kyau amma kada ka ɗauka dole ne, musamman idan shi ma mawaƙi ne, domin mawaƙi yakan so ya mayar da waƙar wani irin wadda shi zai yi.

Sai batun jigo, wanda shi ne ya bambanta irin gasarku da sauran, kuma a nan ne masu sharhi suka fi yin zalunci ba da niyya ba. Da yawa suna ɗauka cewa tsayawa a kan jigo shi ne maimaita sunansa. Idan ka tara waƙoƙi a kan noman shinkafa, za ka tarar mafi yawansu abu ɗaya suke faɗi: mu koma gona, noma tushen arziki, a gode wa hukuma. Irin waɗannan ba su fita daga jigo ba, amma ba su shige shi ba, domin wanda bai taɓa taka laka ba ma zai iya rera su. Masu nazarin waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, suna bambanta turken waƙa, wato babban saƙonta, da tubalan da aka gina shi da su, kuma ɗan da ka yi a kan mahaifiyarka tubali ne mai kyau. Inda ka ce tana tashi kafin assalatu ta tsame shansherar da ta kwana a ruwa, ta aza a wuta, ta shanya kafin rana ta yi zafi, shi ne wurin da na fi jin cewa mai waƙar ɗan ƙasar shinkafa ne. Shinkafa ba ta ƙarewa a bakin fadama, kuma matan da suke turara ta suna cikin sana'ar kamar yadda mai dashe yake ciki.

Jigon nan yana da faɗi fiye da yadda 'yan takara suke zato. Akwai dashen rani da kukan injin ban-ruwa da tsadar man da yake sha. Akwai yaran da ake turawa korar jan-baki idan shinkafa ta fara nuna. Akwai manomin da ya bar irin gargajiya ya koma Faro 44. Akwai bashin noma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, da abin da ya biyo baya na masu samu da masu kuka wajen biya. Akwai ambaliyar 2020 da ta shanye gonaki a fadamun jihar ana dab da girbi. Duk wanda ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan ya zauna a kansa, yana cikin jigo fiye da wanda ya ambaci shinkafa a kowane ɗango. Saboda haka tambayar da nake so ka yi wa kowace waƙar da aka ba ka ita ce: me ta gaya mini game da shinkafa wanda sai mai zama da ita ne zai sani?

Amma kada ka yi murna da wuri, domin akwai inda ka fita daga jigo da gaske, sai dai ba inda aka nuna maka ba. A ɗa na huɗu ka shiga gaishe-gaishe, ka gaida abokai da mai situdiyo da 'yan majalisarku, kuma wannan ya ci wajen sakan 40 daga waƙar da ba ta kai minti 5 ba. Makaɗin fada yana da damar ratse, ya yi zambo ga magabcin ubangidansa, ya gaida wanda ya ba shi riga, domin yana da dogon lokaci kuma amshi zai dawo da shi gida, bayan haka kuma gaisuwar tana cikin abin da ake ba shi kyauta dominsa. Ɗan gasa ba shi da wannan sarari. Ka cire gaishe-gaishen, ka gode musu a baki.

Maganar cewa Hausarka ba daidai ba ce, ka bar ta inda ka same ta. Abin da ya kira kuskure Kabanci ne: "hwadama", "shinkahwa", "wagga shekara", "yaz zo". Daidaitacciyar Hausa ta rubutu ce da aji da labaran rediyo, kuma da ita nake rubuta maka wannan amsa, amma manyan waƙoƙin fada da ake nazari a jami'o'i har gobe da karin harshen yamma aka yi su, kuma babu wanda ya ce a mayar da Narambaɗa ko Sa'idu Faru Kananci. Akwai ma dalili na awo. A cikin "da ya zo" gaɓar "ya" gajera ce, a cikin "da yaz zo" kuwa mai nauyi ce, don haka wanda ya ce ka sauya ɗaya da ɗaya ya ce ne ka rushe awon ɗangon ba tare da ya sani ba. Abin da zan yarda a gyara maka a wannan fanni shi ne gauraye mara dalili. A ɗa na biyu ka ce "hwadama", a na uku ka ce "fadama", kuma na ji kamar kunya ce ta kama ka a gaban makirufo. Ka zaɓi ɗaya, ni dai da naka zan so ka tsaya.

Yanzu ga naka aikin. Ka saurari kowace waƙa daga farko zuwa ƙarshe ba tare da biro a hannu ba, sannan ka tambayi kanka abin da ya rage a kanka, ko amshin ne, ko wani ɗango, ko ba komai. Wannan shi ne sharhi mafi tsada da za ka ba mai waƙa, domin shi ba zai taɓa iya jin waƙarsa a karon farko ba. Daga nan ka sake saurare kana rubuta minti da sakan na duk inda wani abu ya faru da kai, mai daɗi ko akasinsa. Sai a saurare na gaba ne za ka nemi dalili.

Wajen neman dalilin, ka yi hattara da haɗa waƙa da ɗaukar waƙa, domin abubuwa biyu ne kuma kuɗi ne ya fi shafar na biyun. Wani ya biya situdiyo a Birnin Kebbi, wani kuma a ɗakinsa ya ɗauka da waya da manhajar BandLab bayan an ɗauke wuta unguwa ta yi shiru. Idan ƙa'idar gasar ba ta ce ana ba ingancin sauti maki ba, rashin adalci ne ka cika sharhinka da cewa murya tana shaƙewa. Ka ambata a layi ɗaya ka wuce. Ka kuma tuna cewa saƙon murya na WhatsApp yana matse sauti, lasifikar waya kuma ba ta fitar da kaurin ganga, don haka abin da ka ji siriri mai yiwuwa ba haka yake a asalinsa ba. Ka nemi a turo maka fayil ɗin kansa, ka sa abin saurare a kunne kafin ka yanke hukunci. Haka nan Auto-Tune, wanda ya fito tun 1997 kuma yanzu da wuya ka sami situdiyo da ba ya amfani da shi ko da makamancinsa. Aikinsa shi ne jan murya zuwa sauti mafi kusa a cikin jerin sautukan da aka saita masa. Idan mai haɗa kiɗa ya saita shi a kan jerin da ba na kiɗan ba, sai ya riƙa fizgar muryar zuwa inda mawaƙi bai nufa ba, a ji kamar shi ne ya kauce alhali laifin saiti ne. Idan ka yi shakka, ka roƙi mai waƙar ya rera maka amshi da ɗa ɗaya da baki kawai, ba kiɗa ba na'ura. A nan ne ake gane ko akwai waƙa a ƙarƙashin adon.

Wani abu da za ka iya cin karo da shi shi ne karin murya na aro, ko daga fim ɗin Indiya ko daga waƙar wani sanannen mawaƙi, ko kiɗan da aka sauke daga intanet ba da izini ba. Wannan ba a rubuta shi a bainar jama'a da sunan sharhi, domin zargi ne, kuma kunne yana iya yaudarar mai shi, tunda yawancin karin waƙoƙinmu a kan sautuka 5 suke yawo kuma kamanni ba ya wuya. Ka same shi shi kaɗai ka ce wannan wuri ya tuna maka da waƙa kaza, ya saurara ya gani. Idan aro ne da bai sani ba, ka cece shi daga kunya a gaban alƙalai da kuma abin da dokar haƙƙin mallaka ta 2022 za ta iya jawo masa idan waƙar ta yi kasuwa.

Ga irin sharhin da nake nufi, a kan wata waƙa ta misali: "Amshinka ya zauna mini tun jin farko, na iske ina rera shi bayan waƙar ta ƙare. Ɗan da ka yi a kan korar jan-baki shi ne ya fi kama ni, musamman inda yaron yake kaɗa gwangwani har muryarsa ta dishe. A minti 1 da sakan 50 na kasa jin kalmomi biyu na ƙarshen ɗango, ban sani ba ko kiɗa ne ya rufe su ko numfashi ne ya ƙare. Daga minti 3 zuwa ƙarshe na ji ana maimaita abin da aka riga aka faɗa, hankalina ya fara fita." Ka ga babu inda aka ce waƙar mai kyau ce ko mara kyau, kuma babu jimlar da mai ita ba zai iya buɗe waƙarsa ya duba ba. Yabon da ke ciki ma aiki yake yi, domin ɗan koyo yakan goge abin da ya fi kyau a waƙarsa wajen gyara idan ba a nuna masa shi ba. Gyara biyu ko uku sun isa. Na sha ganin masu buɗe sharhi da "gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba", sannan su jero aibi goma sha, kamar karin maganar lasisi ce. Wanda aka yi wa haka ba ya gyara ko ɗaya, rufe saƙon yake yi.

Game da yayanka na unguwa, abin da zai sauya shi ne hanyar isarwa, ba abin da kunnenka ya ji ba. Kafin ka miƙa a rubuce, ka je ka same shi, ka ce, "Yaya, an ba ni waƙarka kuma dole in rubuta wani abu, na ga bai dace ka fara gani a takarda ba." Ka fara da abin da ya burge ka na gaskiya, sannan ka kawo gyaran a matsayin abin da kai ka ji: "A nan ban kama kalmar ba, ko ni ne?" Wannan ba munafunci ba ne, domin iyakar abin da ka sani tabbas shi ne abin da ka ji. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka rubuta masa "Masha Allah, ba gyara" saboda kara, ka bar shi ya shiga zagaye na biyu da aibin da ka gani, alhali ka ɗanɗana yadda irin wannan sharhi yake barin mutum hannu rabbana. Kuma tunda abokan takararka kake yi wa sharhi, zuciya za ta raya maka ka ɓoye gyaran da zai ɗaga waƙar wani sama da taka, ko ka tsananta don ka kashe masa gwiwa. Masu shirya gasa da suka san aikinsu ba sa sa sharhin 'yan takara a cikin maki saboda wannan dalili, kuma idan naku suna sa wa, yana da kyau ku ja hankalinsu tun yanzu.

Idan sharhi ya zo maka mai zafi, kada ka amsa a ranar. Ka bar shi ya kwana, domin abin da ya yi kama da cin fuska da dare sau da yawa yakan zama magana ce kawai da safe. Kada ka shiga bayanin abin da ka nufa, domin ranar gasa ba za ka tsaya kusa da kowane alƙali kana fassara masa ba, kuma idan sai an yi bayani ake gane ɗango to ɗangon ne bai gama aikinsa ba. Kada kuma ka mayar da martani da habaici a waƙa ta gaba ko a shafinka, abin da ya zama ruwan dare tsakanin matasan mawaƙa kuma yake sa masu kunne su daina gaya musu gaskiya. Ka rubuta duk abin da aka faɗa a takarda ɗaya ba tare da sunayen masu faɗa ba, ka ga wanda mutum biyu ko fiye suka haɗu a kansa. Shi za ka fara taɓawa.

A waƙarka, kafin zagaye na biyu, ka gyara ɗango na biyu na amshi, sannan ka tara mutum uku ko huɗu waɗanda ba su taɓa jin ta ba, ka rera musu sau biyu ka ce su amsa. Idan suka ɗauka tare ba wanda ya yi tuntuɓe, ya zauna. Ka cire gaishe-gaishen ɗa na huɗu, kuma lokacin da ka samu daga nan ka ba wa ɗan da ka yi a kan mahaifiyarka, saboda a shanya ka tsaya, ba ka kai ta inji ko kasuwa ba, kuma a nan ne za a ji abin da wahalar take komawa a hannunta. Ka daidaita karin harshenka a wuri ɗaya, ka sake ɗaukar muryar bayan ka tabbatar mai haɗa kiɗan ya saita na'urarsa a kan sautin da kake rerawa. Kiɗan kansa kada ka taɓa shi a wannan zagaye, lafiyarsa ƙalau.